Jan Baƙi

A Hausa, idan yaro ya fara karatu, baƙi ake koya masa. Ko da wace irin tawada aka rubuta harafi, sunansa baƙi. Saboda haka wanda ya so ya juya sunan littafin nan na Amurka, The Scarlet Letter, zuwa harshenmu, zai iske kansa yana cewa jan baƙi, kalmomi biyu da suke kamar suna faɗa da juna. Maƙwabtanmu Musulmi suna da mai jan baƙi a wurin tafsiri, wato mai karanta aya kafin malam ya fassara, amma wancan jan na jawowa ne. Nawa jan launi ne, ja wur, irin na mulufi. Sunan kuwa ya dace da littafin, gama daga farkonsa har ƙarshensa ja da baƙi suna tafe tare, mai karatu kuma yana ta tambayar kansa wanne ne a cikinsu launin zunubi.

Wanda ya rubuta shi Nathaniel Hawthorne ne, haifaffen garin Salem a shekara ta 1804, ya rasu a 1864. An buga littafin a Boston a 1850. Ƙagaggen labari ne, amma an kafa shi a zamani na gaske, tsakanin 1642 da 1649, sa'ad da Boston take ƙaramin gari tsakanin teku da daji. Mutanen garin Kirista ne da suka baro Ingila, ana ce da su Furitan, wato masu son tsarkake ikkilisiya daga duk abin da suke gani ƙari ne a kan Maganar Allah. Kakannin Hawthorne suna cikinsu, ba kuwa a sahun baya ba. Ɗaya daga cikinsu, John Hathorne, yana cikin alƙalan shari'ar maita da aka yi a Salem a 1692, wadda a cikinta aka rataye mutum 19. Ashe marubucin labarin gidansu yake bayarwa.

Ni dai a fassarar Faransanci na karanta shi, gama iyakacin karatuna firamaren mishan ne, Turancin Ingila kuwa ba mu yi shi ba. Ya ci mini rani guda, da ƙamus a gefe. Mai karatu a hankali yana da riba ɗaya: abin da aka maimaita ba ya wuce shi. Abin da na ga ana ta maimaitawa kuwa launi ne.

Ga labarin a taƙaice. Wata mata mai suna Hester Prynne, mijinta ya aiko ta gaba daga Turai a kan zai biyo baya, aka yi wajen shekara biyu ba shi ba labarinsa. Sai ga ta da ciki, ta haifi ɗiya. Dattawan gari suka yanke mata hukunci, ta tsaya awa uku a kan dandamalin kasuwa kowa yana kallo, sa'an nan ta ɗaura harafin A a ƙirjinta har ranar mutuwarta, domin da wannan harafi kalmar zina take farawa a harshensu. Aka matsa mata ta faɗi uban ɗiyar, ta ƙi. Cikin masu matsa mata har da Arthur Dimmesdale, matashin faston garin, wanda kowa yake ɗauka waliyyi ne. Shi ne uban.

Dubi yadda aka buɗe labarin. Taro a ƙofar kurkuku, maza masu gemu cikin tufafi masu duhu da dogayen huluna launin toka. Ƙofar ta katako mai kauri, ƙarfenta duk tsatsa. Marubucin ya kwatanta kurkukun da wani baƙin fure da kan tsiro duk inda mutane suka kafa gari. A gefen ƙofar akwai itacen wardi na jeji da furanninsa, shi kaɗai ne abu mai kyau a wurin. Sai aka buɗe, Hester ta fito da jaririya ƴar wata uku a hannu. Dattawa sun ce ta ɗaura harafi, ba su ce ta ƙawata shi ba. Ita kuwa gwanar allura ce. Ta yanko shi daga jan yadi mai kyau, ta kewaye shi da aikin zaren zinariya, har ya zama a duk taron nan babu abin da ya kai shi ɗaukar ido. Matan da ke tsaye suka fusata. Wata ta ce da ƙarfe mai zafi aka ɗora mata a goshi, wata ta ce kisa ne daidai da ita.

Ba wasa suke yi ba. A 1644 an rataye mace da namiji a Boston saboda wannan laifi. A 1694 kuma aka yi doka a yankin cewa wanda aka kama da zina, mace ko namiji, zai ɗinka harafin A a tufarsa, da yadin da launinsa ya saɓa da na tufar. Dokar ba ta ce ja ba. Hawthorne ne ya zaɓi ja.

Don me ja? A nan aikina ya taimake ni. Ni nake fito da tufafin bagade kafin firist ya iso ƙauyenmu, don haka na san ranakun ja: Lahadin Ganyen Dabino, da Jumma'ar da muke tunawa da gicciye, da Fentikos, da ranakun shahidai. Ja a wurinmu jini ne da wuta, jinin da aka zubar dominmu da wutar Ruhu. A cikin Littafi Mai Tsarki kuwa launin nan yana da fuska biyu. Annabi Ishaya a sura ta fari ya kwatanta zunubi da mulufi, Wahayin Yahaya kuma ya nuna macen Babila saye da shi. Amma jar igiya ce Rahab ta ɗaura a tagarta a Yariko, ta zama alamar ceton gidanta, Rahab kuwa mun san sana'arta. Jar riga kuma sojoji suka sa wa Ubangiji don su yi masa ba'a. Furitan mutanen Littafi ne, sun san wannan duka. Sai dai sun ƙi tufafin firistoci da tagogi masu launi, suna cewa gadon Roma ne. Suka fitar da ja daga majami'a, bai sami wurin zama ba sai ƙirjin mai zunubi. Daga nan fuska ɗaya kawai ta rage masa a idonsu.

Baƙi kuwa a garin nan launin daraja ne. Baƙar riga fasto yake sawa. A ƙarƙashinta Dimmesdale ya ɓoye nasa laifin shekara bakwai. Yana ramewa, fuskarsa tana ƙara fari, hannunsa kullum a kan zuciyarsa, jama'a kuwa suna cewa yawan azumi da addu'a ne, tsarki ne yake cinye shi. Idan ya hau mumbari ya ce shi ne mafi zunubi a cikinsu, sai su ƙara girmama shi, su ce dubi tawali'u. Ya san haka za su ce. A ganina wannan shi ne wuri mafi ban tsoro a littafin: mutum ya faɗi gaskiya ta hanyar da ya tabbata ba za a gaskata shi ba.

Wani dare ya kasa barci, ya je ya hau dandamalin nan a cikin duhu, inda ba mai ganinsa. Kashegari mai kula da majami'a ya kawo masa baƙar safar hannunsa da aka tsinta a wurin, ya ce lalle Shaiɗan ne ya yar da ita can don ya ɓata sunan bawan Allah. Ga shaida a hannu, amma idon mutumin ya ƙi karantawa. Jan harafi kowa ya iya karanta shi, har ƙananan yara masu bin Hester suna jifanta da laka. Baƙar safa ba wanda ya iya.

Akwai baƙi na biyu, na mijin Hester. A ranar da aka tsayar da ita a kasuwa ya iso garin, ya ɓoye sunansa ya ce shi Roger Chillingworth ne, ya zama likitan faston, ya tare gida ɗaya da shi. Ya gano asirin, bai tona ba, ya zauna yana sosa gyambon kullum. Marubucin ya ce fuskarsa ta yi ta ƙara duhu, wani lokaci kuma jan haske yakan fito daga idonsa kamar akwai wuta a ciki. Shi ne aka cuta tun farko, amma riƙo ya mai da shi abin da mutanen garin suke tsoro, wanda suke kira Baƙin Mutum na cikin daji, wato Iblis. Ni baƙin mutum, da na iso wannan suna sai da na ajiye littafin na ɗan lokaci. Daga baya na tuna mu ma muna cewa baƙar zuciya da baƙin ciki da baƙin jini, ba kuwa fatar kowa muke nufi ba. Duk da haka sunan bai yi mini daɗi ba, har yanzu ma.

Fari bai yi yawa a littafin ba, amma akwai wuri guda da ba na mantawa. Hester da ɗinki take ci da kanta da ɗiyarta. Aikinta yana wuyan rigar gwamna, yana jikin sojoji, yana kan hular jarirai, yana kan likkafanin matattu, har a wuyan fasto. Abu ɗaya ne ba a taɓa ba ta ba: farin mayafin amarya. Hannunta ya isa ya yi wa kowa ado daga haihuwa har kabari, amma bai isa ya taɓa fari ba. Ita kanta tufa mai kauri launin toka take sawa, kuɗin da ya ragu ta yi wa matalauta sutura, su kuwa sau da yawa su karɓa su zage ta.

Yanzu na zo wurin da ya fi taɓa ni, gama ya shafi aikina kai tsaye. Ɗiyar sunanta Pearl, wato lu'ulu'u, daga misalin nan na ɗan kasuwa da ya sayar da duk abin da yake da shi don ya sayi lu'ulu'u ɗaya. Da ta kai shekara uku, Hester ta ji dattawa suna shawarar ƙwace ta. Ta ɗauke ta zuwa gidan gwamna Bellingham, ta sa mata rigar jan karammiski mai aikin zinariya, har duk wanda ya gan ta ya ga harafin nan ne ya sami ƙafafu yana tafiya. A zauren akwai sulke a rataye, an goge shi yana ƙyalli. Yarinyar ta nuna wa uwarta, sai Hester ta ga kanta a ciki: harafin ya kumbura ya yi girma har ya rufe ta, kamar babu mace a bayansa. Haka hukuma take ganinta.

Tsohon fasto Wilson ya dubi yarinyar ya ce rabonsa da ganin irin wannan launi tun a tsohuwar ƙasa, sa'ad da rana takan ratso tagar majami'a mai zane ta zubo ja da ruwan zinariya a ƙasa. Mai karatu ya lura da wannan. Tsohon yana kewar abin da su da kansu suka fitar. Sa'an nan ya jawo ta don ya jarraba ta a katikisim, ya yi mata tambayar farko, wa ya halicce ta. Pearl ta san amsa sarai, uwarta ta koya mata. Ta sa yatsa a baki ta ƙi magana, daga ƙarshe ta ce ba wanda ya yi ta, uwarta ce ta tsinko ta daga itacen wardin nan na ƙofar kurkuku. Gwamna ya kaɗu, ya ce ga shaida, yarinyar tana cikin duhu.

Na shekara fiye da goma sha biyar ina yin wannan tambaya ga yara. A kowane aji da wuya a rasa yaro ɗaya wanda sauran yara sun riga sun ji abin da manya suke faɗa a kansa. Akwai kalmar da ake kiransa da ita a bayan idon malam, ba zan rubuta ta a nan ba. Irin wannan yaro yakan zama ɗayan biyu: ko shiru kamar ba ya nan, ko fitinanne irin Pearl. Idan ka tambaye shi zancen Uba na sama, kana taka wata tambaya da ke ƙasa wadda ba wanda ya amsa masa. A wani wuri a littafin Pearl ta ce wa uwarta ita ba ta da Uba na sama. Yaya za ta ce tana da shi? A ɗakin nan da ake jarraba ta, ubanta na duniya yana tsaye cikin baƙar riga. Gaskiya ya yi magana, ya roƙa a bar wa Hester ɗiyarta, aka kuwa bar mata. Amma a matsayin fasto ya yi roƙon. Yarinyar ta ba da amsar da ta fi kusa da abin da ta sani: ita daga ƙofar kurkuku ta fito, furen wurin ce. Da ni ne mai jarrabawar, ba zan kayar da ita ba.

Shekaru suna wucewa, sai jan ya fara sauya ma'ana, ba tare da dattawa sun ba da izini ba. Duk gidan da ciwo ya shiga da dare, Hester tana can. Duk inda ake jinya ko ake jiran mutuwa, ana ganin harafin yana ƙyalli a hasken fitila. Da gari ya waye ta fita ba ta jiran godiya. Har mutane suka fara cewa A ɗin nan farkon wata kalma ce mai nufin mace mai iyawa. A daren da faston ya hau dandamali ma, wani jan haske ya keta sama. Shi ya ga harafin laifinsa ne aka rubuta a sararin sama. Mutanen gari kuwa suka ce farkon kalmar mala'ika ne, domin a daren gwamna Winthrop ya rasu. Harafi ɗaya, launi ɗaya, kowa ya karanta abin da ke zuciyarsa. Pearl ma ta yi nata da koren ciyawar teku ta liƙa a ƙirji, tana tambayar uwarta ma'anarsa, uwar ta ɓoye mata.

Kada wani ya ce ina wanke zina. Littafin kansa bai wanke ta ba. Akwai ranar da Hester da faston suka haɗu a daji, suka shirya su gudu Turai. Ta ɓalle harafin ta jefar, ta kwance gashinta, rana ta fito ta haskaka wurin. Mai karatu yana jin daɗi. Amma Pearl ta tsaya a hayin rafi tana ihu, ta ƙi hayowa sai uwarta ta mayar da harafin. Na ga yarinyar ta fi su gaskiya. Abin da aka yi ba a jefar da shi a bakin rafi. Ita ce shaidarsa, idan an jefar da harafin ita aka jefar.

Abin da nake tuhumar garin Boston da shi daban ne, ina kuma tsoron ba su kaɗai ba ne. Mu ba mu ɗinka wa kowa harafi. Amma a ikkilisiyoyinmu da yawa, na kowace ɗarika, idan yarinya ta yi ciki akan sanar da sunanta, a hana ta Jibin Ubangiji, a mai da ita bencin baya. Cikin shi ne jan harafinta, ba ya ɓuya. Namijin fa? Wani ya tafi cin rani sai ƙura ta lafa. Wani yana nan cikin farar riga, yana rera waƙa a gaba. Tun a Bisharar Yahaya sura 8 haka abin yake: an kama mutum biyu, aka kawo ɗaya. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Horo yana da wurinsa, Manzo Bulus ya umarta a yi shi a Koranti. Amma shi ne kuma a wasiƙarsa ta biyu ya ce ya isa haka, a gafarta wa mutumin a ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Ayar nan ta Ishaya da ta kira zunubi mulufi, ita ce kuma ta yi alkawari zai koma fari fat. Mutanen Boston sun karanta rabin ayar suka rufe littafin. A cikin shekara bakwai, da wa'azi iri iri da aka yi da Hester a matsayin misali, ba fasto ko ɗaya da ya tsaya a gabanta ya ce an gafarta mata. Dattawa sun taɓa yin shawarar ko a bar ta ta cire harafin, amma saboda ta yi amfani ga gari ne. A wurinmu ma, ko an ce horo ya ƙare bayan wata shida ko shekara, bencin baya yakan bi mace har tsufanta, ya bi ɗanta zuwa ajina.

A ƙarshe Dimmesdale ya yi wa'azi mafi ƙarfi a rayuwarsa, ranar da ake naɗa sabon gwamna. Da aka fito, sai ya kira Hester da Pearl, ya hau dandamalin da rana tsaka, ya faɗi laifinsa, ya buɗe baƙar rigar ya nuna ƙirjinsa, ya mutu a wurin. Kafin ya cika Pearl ta sumbace shi ta yi kuka, ita da a daji ta ruga rafi ta wanke sumbar da ya yi mata. Yawancin waɗanda ke wurin sun ce sun ga jan harafi a fatarsa. Amma waɗansu, manyan mutane masu daraja, suka rantse ba su ga kome ba, ƙirjinsa fes kamar na jariri, wai misali kawai ya yi don ya koya wa jama'a cewa kowa mai zunubi ne. Duk wanda ya taɓa zama a taron dattawa ranar da laifi ya faɗa a kan babba ya san waɗannan mutane.

Chillingworth bai kai shekara ba ya mutu, ya bar wa Pearl dukiyarsa. Hester ta tafi da ɗiyarta ƙetaren teku. Bayan shekaru masu yawa ta komo ita kaɗai, ta shiga tsohuwar bukkarta, ta ɗauki harafin ta sake ɗaurawa, alhali ba sauran alƙalin da zai tilasta mata. Mata suka riƙa zuwa wurinta da damuwarsu, waɗanda aka yaudara, da waɗanda aka yasar, da waɗanda suka faɗi, tana ba su shawara iyakar iyawarta. Da ta rasu aka binne ta kusa da wani tsohon kabari, aka bar ɗan fili tsakanin kaburburan biyu, amma dutse ɗaya aka kafa musu. Ba a rubuta suna a kai ba, sai zane irin na garkuwa: fili baƙi ƙirin, da harafin A ja a tsakiyarsa.